Goge Biyar, Makaɗa Goma Sha Biyu: Tarihin Kafuwa da Bunƙasar Ƙungiyar Makaɗan Kimbangu ta Birnin Kinshasa

1.0 Gabatarwa

A ranar 3 ga watan Disamba, 1994, wasu makaɗa 'yan sa-kai suka hau dandamali a babban zauren taro na Palais du Peuple da ke birnin Kinshasa, suka gabatar da kiɗan Turai na gargajiya a gaban jama'a a karon farko. A wannan shekara ƙasar, wadda a lokacin ake kira Zayar, tana cikin halin ni-'yasu. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna cewa hauhawar farashin kaya a 1994 ta haura kashi 23,000 cikin ɗari, kuma birnin bai gama farfaɗowa daga wasoson da sojoji suka yi masa a watan Satumba na 1991 da watan Janairu na 1993 ba. A irin wannan yanayi ne aka haifi ƙungiyar da ake kira Orchestre Symphonique Kimbanguiste da Faransanci.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda ƙungiyar ta taso daga 'yar ƙaramar tawaga ta unguwa har ta kai mutum kusan ɗari biyu. Za ta kuma tsaya a kan matsalolin harshe da suka dabaibaye wannan tarihi, domin su ne suka fi shafar masu karanta wannan mujalla.

2.0 Matsalar Suna

Tun kafin a shiga tarihin sai an warware wani ƙulli. A Kinshasa, kalmar Faransanci da ƙungiyar ta ɗauka a sunanta ba ta nufin abin da take nufi a Paris. Tun daga shekarun 1950, da ita ake kiran ƙungiyoyin kiɗan rawa irin su African Jazz ta Joseph Kabasele da OK Jazz ta Franco, wadda aka kafa a 1956. Ke nan idan aka ambace ta a gaban mutumin Kinshasa, jita da ganga da gidan rawa ne za su faɗo masa a rai. Shi ya sa kalma ta biyu a sunan ƙungiyar take da nauyi, don ita ce ke raba ta da waɗancan.

A Hausa ma ƙullin yana nan, sai dai ta wata fuskar. Hausa ta raba kiɗa da busa, alhali okestira ta haɗa su wuri guda, saboda haka idan na ce “makaɗa” a wannan maƙala, har da mabusa nake nufi. Ƙaramar okestira, wadda Turawa suke dangantawa da ɗaki ko zaure domin a fadojin sarakuna ta samo asali, ba ta cika wuce mutum arba'in ba. Babbar kuwa takan kai tamanin zuwa ɗari. Sai kuma kayan kiɗan da ake gogawa, waɗanda su ne ƙashin bayan kowace okestira. Su huɗu ne: bayolin, da biyola wadda ta ɗan fi shi girma, da celo da ake kafawa tsakanin gwiwoyi, da kwantarabas wanda ya kusa tsayin mutum. Abin da ya fi kusa da su a wurinmu shi ne goge da kukuma, kuma da “goge” na yi amfani a kan wannan maƙala domin mai karatu ya ga hoton abin nan take. Amma ban yi haka da zuciya ɗaya ba. Goge a ƙasar Hausa yana ɗauke da kayan da bayolin bai ɗauka ba, wato alaƙarsa da bori da gidajen magajiya, da kuma irin kallon da malamai suke yi wa mai kaɗa shi. A Kinshasa kuwa mutanen da suka rungumi bayolin mutanen ibada ne, waɗanda ba su shan giya, ba su shan taba, ba su kuma rawa. Don haka daga nan zuwa ƙarshe zan riƙa cewa bayolin.

3.0 Tushe: Simon Kimbangu da Jama'arsa

Ba za a fahimci wannan ƙungiya ba sai an koma ƙauyen Nkamba, a ƙasar Bakwango da ke yammacin Kwango. A nan aka haifi Simon Kimbangu, wanda ya yi karatu a hannun 'yan mishan na ɗariƙar Baftis. A ranar 6 ga Afrilu, 1921, ya fara wa'azi da yi wa marasa lafiya addu'a, jama'a kuwa suka yi ta tururuwa zuwa Nkamba suna kiransa ngunza, kalmar Kikwango da akan fassara da “annabi”. Wa'azin bai cika wata shida ba. A watan Satumba hukumar mulkin mallaka ta Beljiyam ta kama shi, kotun soja a garin Thysville, wanda yanzu ake kira Mbanza-Ngungu, ta yanke masa hukuncin kisa. Sarki Albert na Ɗaya ya sassauta hukuncin zuwa ɗaurin rai da rai. Aka kai shi kurkuku a Elisabethville, wato Lubumbashi ta yau, can ƙuryar kudu maso gabashin ƙasar, inda ya rasu a ranar 12 ga Oktoba, 1951, bayan shekara talatin a tsare. Sai a 2011 babbar kotun sojan Kwango ta soke wancan hukunci.

Turawan sun yi dabarar warwatsa mabiyansa zuwa lardunan nesa, sai dabarar ta zama tamkar watsa iri. Duk inda aka kai su, da waƙoƙinsu suka tafi. Jama'ar da aka hana wa ɗakin ibada da littafi da shugaba, waƙa ce ta rage mata, domin ita ba a kama ta a aljihun mutum. Mabiyan sun yi imani cewa waƙoƙin nasu ba ƙirƙirarsu ake yi ba, jin su ake yi a mafarki ko a wahayi, sannan a koya wa sauran jama'a. Ko mutum ya yarda da wannan ko bai yarda ba, abin lura shi ne darajar da imanin ya ba waƙa a cikin wannan al'umma.

A watan Disamba na 1959, wata shida kafin samun 'yancin kai, Beljiyam ta amince da cocin a hukumance, a ƙarƙashin jagorancin autan Kimbangu, Joseph Diangienda. Cocin ya shiga Majalisar Majami'u ta Duniya a 1969, ya zauna a cikinta har 2021 lokacin da majalisar ta soke zamansa mamba saboda saɓanin aƙida. A zamanin Joseph Diangienda aka tsara rukunonin mawaƙa, da rukunin mabusa sarewa, da babbar tawagar mabusa ƙahonnin tagulla da ake kira FAKI a taƙaice, masu sanye da fari da kore. Akwai kuma al'adar nsinsani, wato gasar ba da gudummawa tsakanin rukuni da rukuni, wadda da ita cocin ya gina makarantu da asibitoci ba tare da jiran kuɗin mishan daga Turai ba. Wani abu da zai ja hankalin masana harshe shi ne, a cikin wannan jama'a ce David Wabeladio Payi ya ƙago rubutun Mandombe a 1978 domin rubuta Kikwango da Lingala da sauran harsunan yankin. Duk waɗannan suna nuna ɗabi'a guda ta mutanen da suka saba yi wa kansu abin da suke bukata.

4.0 Kafuwar Ƙungiya, 1992 zuwa 1994

Armand Diangienda ɗan Joseph ne, jikan Simon Kimbangu. Sana'arsa tuƙin jirgin sama. A 1992 ya rasa aikinsa, a cikin wannan shekara kuma mahaifinsa ya rasu. Bai taɓa shiga makarantar kiɗa ba. Ya dai taso a gidan da ba a rabuwa da waƙa, ya iya taɓa fiyano, sauran kuwa, har da karanta rubutun kiɗa da jan ragamar makaɗa, da kansa ya koya wa kansa. Burin mahaifinsa ne a haɗa rukunonin kiɗan cocin su zama abu guda, shi kuma ya ɗauki wannan buri a daidai lokacin da ba shi da wani aikin yi.

Mabusa ba su zama matsala ba, tun da cocin ya daɗe da su. Inda gizo yake saƙa shi ne kayan gogawa. Kamar yadda Diangienda ya sha bayyana wa 'yan jarida, matasa goma sha biyu ne suka fito suna son koyon bayolin, bayolin ɗin kuwa biyar ne kacal. Sai aka yanka lokaci, kowa ya riƙe na minti ashirin ya miƙa wa na kusa da shi. Wanda ya san wannan kayan kiɗa zai gane girman wannan magana. A Turai akan fara koya wa yaro bayolin tun yana ɗan shekara biyar ko shida, ya yi shekara goma yana atisayen sa'o'i kullum kafin a ce ya iya. Bayolin ba shi da alamar inda za a ɗora yatsa kamar jita, kunne ne kaɗai jagora, kuma kuskuren da bai kai faɗin ƙwayar gero ba ya isa ya ɓata sauti. Ga shi nan baligai, wasu da iyali, suna koyonsa a minti ashirin na aro.

Wannan tawaga ta farko, a girma da tsari, ƙaramar okestira ce ta unguwa. Wurin atisayenta gidan iyalan Diangienda ne a unguwar Ngiri-Ngiri, kuma babu wanda ake biya ko sisi.

5.0 Birkin Keke da Ƙarfen Taya

A nan ne kwatanci da goge yake da amfani. Mai goge a ƙasar Hausa ba ya jiran jirgi. Ƙwarya tana gona, fatar guza tana daji, izga tana wutsiyar doki, ƙaron da zai shafa wa izgar kuma yana jikin itace. Idan tsirkiya ta tsinke da hantsi, kafin azahar ya ɗaura wata. Bayolin ba haka yake ba. Tsirkiyoyinsa huɗu ne, kowace da kaurinta da aka auna a masana'anta, kuma a Kinshasa ta shekarun 1990 babu kantin da ke sayar da su, ko da akwai ma babu kuɗin saye. Da tsirkiya ta tsinke, sai makaɗan suka koma ga wayar birkin keke. Sautin ba zai yi daɗin na asali ba, wayar kuma tana cin yatsa, amma atisaye bai tsaya ba. Takardun kiɗa, waɗanda ake bukatar kwafi ga kowane makaɗi, da hannu aka riƙa kwafe su. Da aka bukaci ƙararrawa mai wani sauti na musamman, sai aka shiga wurin 'yan gwangwan ana ƙwanƙwasa ƙarafan tayar mota ɗaya bayan ɗaya har aka dace da mai sautin da ake nema.

Abin da ya fi waɗannan duka muhimmanci, a ganina, shi ne ranar da ɗaya daga cikinsu ya yi ƙarfin halin farke wani kayan kiɗa da aka shigo da shi daga waje, ya auna kowane ɓangare, ya mayar da shi ma'aunin sassaƙa wasu da katakon gida. Labarin wayar birki yana da daɗin ji, shi ya sa jaridun Turai suka fi yayata shi, amma dabara ce ta fita kunya. Sassaƙa celo da kwantarabas a Kinshasa kuwa mallakar sana'a ce, kuma ita ce ta ba ƙungiyar damar ƙara yawan makaɗa ba tare da jiran kyauta ba.

Shekarun da suka biyo baya ba su zo da sauƙi ba. Mobutu ya faɗi a watan Mayu na 1997. A watan Agusta na 1998 sabon yaƙi ya ɓarke, 'yan tawaye suka kama madatsar ruwa ta Inga, suka jefa Kinshasa cikin duhu na makonni. Cocin kansa ya shiga rikicin gado tsakanin jikokin Kimbangu bayan rasuwar Salomon Dialungana, na ƙarshe a cikin 'ya'yansa uku, a 2001. Ƙungiyar ta ratsa duk wannan, tana ƙaruwa, har adadin makaɗa da mawaƙanta ya kai kusan ɗari biyu.

6.0 Jamusanci a Bakin Mai Lingala

A 2009 wasu Jamusawa biyu, Claus Wischmann da Martin Baer, suka ɗauki fim na ƙungiyar tana shirin gabatar da Simfoni ta Tara ta Beethoven a fili. An fara nuna fim ɗin, mai suna Kinshasa Symphony, a bikin fina-finai na Balin a 2010. A cikinsa an ga mai gyaran lantarki da ke ajiye biyola ya ruga ya tayar da janareta idan wuta ta ɗauke, da mai sayar da wainar ƙwai a kasuwa da safe wadda ke rungumar celo da yamma. Amma wurin da ya kamata masanin harshe ya tsaya shi ne inda mawaƙan ke fama da lafazi.

Kashi na ƙarshe na wannan simfoni, wadda aka fara gabatarwa a Biyana a 1824, waƙa ce ta Schiller da Jamusanci. Mawaƙan Kinshasa kuwa Lingala da Kikwango ne harsunansu na gida, Faransanci na makaranta. Gaɓar kalma a Lingala da Kikwango buɗaɗɗiya ce, wato da wasali take ƙarewa. Jamusanci kuma yana tara baƙaƙe uku ko huɗu a jere, yana rufe gaɓa da su. Abin da baki ya saba yi a irin wannan hali sananne ne gare mu, domin shi ne ya ba Hausa “burodi” da “tebur” da “asibiti”: a cusa wasali a raba baƙaƙen. A magana wannan ba laifi ba ne. A waƙar da aka rubuta kuwa kowace gaɓa tana da sautinta da tsawonta da mawallafi ya ƙayyade, saboda haka wasali ɗaya na ƙari gaɓa ce ta ƙari, kuma ya isa ya jefa mawaƙi a bayan makaɗa. Ke nan gyaran lafazi a wurinsu bai tsaya ga neman burge Bajamushe ba, larura ce ta ma'aunin kiɗa. Faransancin da suka iya ya taimaka musu ta wani ɓangaren, tun da yana da wasulan gaba masu zagayen leɓe irin na Jamusanci, amma bai rage musu wahalar baƙaƙen ba. Ban da Jamusanci, sun rera Messiah ta Handel, da Carmina Burana ta Carl Orff wadda mafi yawanta da Latin take.

A garin da nake koyarwa a nan Kudu na ga irin wannan da idona, inda mawaƙan coci ke haddace waƙar Turai ta hanyar do-re-mi tun kafin su san ma'anar kalmominta. Ba abin raini ba ne. Mu ma da yawanmu mun haddace baitocin Larabci da karinsu shekaru kafin mu iya fassara su.

7.0 Fita Duniya da Tambayar da ta Biyo Baya

Bayan fim ɗin sai ƙofofi suka buɗe. A 2012 shirin 60 Minutes na gidan talabijin na CBS a Amurka ya yi rahoto a kansu. Kyautar kayan kiɗa ta fara shigowa, malamai daga Jamus da wasu ƙasashe suka riƙa zuwa ba da horo. A 2013 ƙungiyar Royal Philharmonic Society ta Landan, a bikin cikarta shekara ɗari biyu, ta ba Armand Diangienda matsayin mamba na girmamawa. Wannan ƙungiya ce ta biya Beethoven fam hamsin domin ya rubuta Simfoni ta Tara ɗin. A watan Satumba na 2014 makaɗan suka zagaya Birtaniya, suka yi wasa a Manchesta da Landan da Biristol da Kadif tare da makaɗan can.

Jaridu sun yi ta yi musu kirari iri-iri, wasu har da wuce gona da iri, kamar a ce kafin su baƙar fata bai taɓa kafa okestira ba. Gana ta kafa tata ta ƙasa tun 1959 a zamanin Nkrumah, da Philip Gbeho a gaba. Bambancin da ke akwai shi ne, ta Gana gwamnati ce ta kafa ta, ta Kinshasa kuwa jama'a ce, kuma wannan ya fi kirarin jaridun ma'ana.

Akwai dai tambayar da ba za a kauce mata ba. Mutumin da Turawa suka ɗaure shekara talatin, yaya jikansa zai ƙare da koya wa jama'arsa kiɗan Turawa? Tambayar ta fi zafi a ƙasar da Mobutu ya yi shekaru yana wa'azin komawa ga asali, ya sauya sunan ƙasa a 1971, ya hana sunayen Turawa da sa kwat da lakataye. Ga kuma rumba, kiɗan da Kinshasa ta ba duniya, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun da ɗan'adam ya gada a 2021. Mai suka zai ce wanda yake da wannan a gida, me ya kai shi aron Beethoven?

Ban ga ƙarfin wannan suka ba, ko da yake ban ce ba ta da tushe ba. Ita kanta rumba da jitar Turawa da faifan Kyuba aka gina ta, ba wanda kuma ya ce ba ta Kwango ba ce. Sannan babu ɗan mishan ko jami'in mulkin mallaka da ya ɗora wa mutanen Ngiri-Ngiri bayolin, su suka nema shekara talatin da huɗu bayan tafiyar Beljiyam. Ga mabiyin Kimbangu da addininsa ya hana shi gidan rawa, okestira ce hanyar da ta rage masa ta zama makaɗi ba tare da ya saɓa wa aƙidarsa ba. Inda sukar take da gaskiya shi ne wajen masu kallo na waje, waɗanda sau da yawa talaucin makaɗan suke tafa wa, ba kiɗan ba.

Amsar da ƙungiyar ta bayar a aikace ita ce ta fara rubuta nata. Diangienda ya wallafa simfoni da kansa, ciki har da wadda ya sa wa suna Mon Identité, wato “ko ni wane ne”, wasu daga cikin matasan makaɗan su ma suka bi sahu, aka kuma tsara waƙoƙin cocin na Kikwango da Lingala domin okestira. A nan wata matsalar harshe ta sake ɓullowa, kishiyar ta farko. Lingala da Kikwango harsuna ne masu karin sauti kamar Hausa da Yarabanci da Ibo, inda hawa da saukar murya ke bambanta ma'ana. Tsarin Turai na raba mawaƙa murya huɗu yana so wata murya ta hau yayin da wata ke sauka a kan kalma guda, wanda ke nufin aƙalla ɗaya daga cikinsu ta saɓa wa karin kalmar. Mawallafan waƙoƙin coci na ƙasar Yarabawa, irin su T. K. E. Phillips, sun yi fama da wannan tun farkon ƙarni na ashirin. Kwatanta hanyar da suka bi da wadda mawallafan Kinshasa suka bi, gaɓa da gaɓa, aiki ne da ya dace da sassan nazarin harsunanmu, kuma faifan wasannin ƙungiyar sun isa a fara da su.